Gashin Kyanwa a Kafaɗata

Zuwa ga Yayata, abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce mai yawa daga ƙanwarki, tare da addu'ar Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ke da Baban Rediyo da Auta. Allah Ya ba ki juriyar tsayuwar nan ta asibiti, Ya sa ƙafafunki su daina kumburin da kika faɗa mini, Ya raba ki da majinyaci mai tsiwa da shugaba mai mita. Na ga hoton Auta da kika turo. Wannan kumatu kam ba daga gidanmu ya ɗauko su ba, ki ce wa ubansa ya zo ya amsa kayansa.

Mu ma nan alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har tana fita tsakar gida da kanta, sai dai ta ƙi sandar da likita ya ba ta, wai ita ba tsohuwa ba ce. Ta mai da ita abin zaƙulo takalmi daga ƙarƙashin gado. Ƙaninmu Makaniki ya samu rumfa mai faɗi a bakin titi, aiki ya buɗe masa, matarsa kuma ta yi nauyi, muna ta addu'ar Allah Ya raba lafiya. Maigidana har yanzu yana can wurin aikin hanya, sai ƙarshen wata yake leƙo mu, ya yi baƙi ya rame amma bakinsa bai rame ba. Ya ce in na rubuto in gaishe ku.

Yaya, kin san ni ba mai son rubutu ba ce in ba na aiki ba. Na ɗauki waya in kira ki ya fi a ƙirga, da na ga sunanki sai in ajiye. Akwai maganar da baki ke jin nauyinta, gara hannu ya ɗauka. Kada gabanki ya faɗi, ɗiyarki Rediyo lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha tana zuwa makaranta. Amma na yi mata abin da nake jin kunyarsa har cikin ƙashina, kuma a dalilinsa ta nemi barin gidana. Ke kika ce a kawo mini ita, bayan takardunta na tafiya sun ƙi fitowa kun tafi ƙasar waje da Auta, ciwon Inna ya tashi, gidan Makaniki kuma ya yi mata cunkoso. Kika ce tunda Allah bai ba ni tawa ba, ga wannan. Don haka gara ki ji daga gare ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Dole in fara da aikina, ko da yake na san abin da za ki ce, wai duk karatun da na yi a kiwon ɓera na ƙare. Ki yi haƙuri ki bi ni, don ba za ki gane sauran ba sai da shi. Ɓerayenmu farare ne, a keji aka haife su, ba su taɓa ganin kwata ba. Idan suka bar nonon uwa suka shiga tashen balaga, sai mu raba su gida biyu. Kashi ɗaya muna ce musu 'yan zaman lafiya, kowanne yana tare da abokin kejinsa guda, ba mai damun su sai mai zuba abinci da canza dusar katako. Ɗaya kashin su ne 'yan canji. Kullum a ware ɓera shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan a mai da shi keji ya tarar da baƙon da bai taɓa shinshinawa ba. Ba duka, ba yunwa, ba allura. Abin da kawai muke hana shi shi ne ya saba da wani. Bayan 'yan makonni mu ƙyale su su girma, sa'an nan mu tsorata su duka iri ɗaya, a sa kowanne cikin wani matsattsen bututu inda ba ya iya juyawa, mu ɗebi ɗigon jini daga wutsiya, mu auna sinadarin da jiki ke zubawa cikin jini idan ya firgita. Mu kotikosteron muke ce masa, ɗan'uwan kotisol ɗin nan ne da kuke aunawa a asibiti. Tambayarmu ita ce ko jikin da aka hana sabo yana ƙarami yakan riƙe abin har ya girma.

A zubin farko da muka yi bara, amsar ta fito ɓaro-ɓaro a ɗakinmu. Duka kashi biyun sinadarin yakan hau, amma na 'yan zaman lafiya yakan sauka da wuri, musamman in aka mai da ɓera wurin abokinsa ya cusa kai a jikinsa. Na 'yan canji kuwa sai ya hau ya zauna, kamar baƙon da aka yi wa rakiya ya dawo. A kan wannan ne wani ɗalibina, da kowa ke kira Dogo, yake rubuta digirinsa na biyu. Mutum ne mai sanyin hali, ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya ba shi haƙuri kafin ya kore shi. Yadda muke aikin, ni nake rungume ɓeran a ƙirjina, shi yana ɗiban jinin, kuma dole a gama da sauri daga taɓa keji, in ba haka ba tsoron hannunmu za mu auna, ba na gwajin ba.

Zubi na biyu shi ne ya lalace. Sakamako ya fito duk a sama, 'yan zaman lafiya da 'yan canji ba bambanci, tun ma kafin a sa su a bututu. Kin san halina tun muna yara, ba na neman dalili sai na fara samun mai laifi. Na ce Dogo ne, hannunsa ya yi nauyi, yana lalube a wutsiya har dabba ta gama firgita. Na faɗa masa haka a gaban masu shara da ƙananan ɗalibai, na ƙara da cewa in ba zai iya ba ya faɗa a ba wani. Ya sunkuyar da kai ya ce zai ƙara ƙoƙari. Daga nan kullum in na wuce sai in gan shi a lungu yana koyon ɗiba a jikin wata igiyar roba, ni kuwa ko tausayi bai ba ni ba. Ashe ana zaton wuta a maƙera, ita kuwa tana can masaƙa.

Ranar taron mako shugaban sashe ya tara mu don a gano inda matsalar take. Ina tsaye gaban allo ina jero kurakuran Dogo ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin taron da zafi, sai na cire farar rigata ta aiki, saura baƙar rigar sanyin da ke ciki. Ɗakin ɓeraye sanyi gare shi kamar cikin firji, shi ya sa nake sa ta a ƙarƙashi, duk da doka ta ce a tuɓe kayan gida a sa na aiki kafin a shiga. Dokar nan ni na rubuta ta, ni na manna ta a ƙofa, amma ina ganin ba ta shafe ni ba tunda gidana ko kaza babu. Likitar dabbobinmu, wata dattijuwa da ba ta da yawan magana, tana zaune kusa da inda nake. Sai kawai ta miƙa hannu ta tsinci wani abu daga kafaɗata, ta ɗaga shi wajen taga ta duba, ta tambaye ni a hankali ko ina da kyanwa. Na yi dariya, na rantse ban da ita, ban ma taɓa son ta ba. Ta sake tsinto wani, da wani, ta jera su a kan farar takarda, gajerun gashi ja-ja. Ta ce ɓeran da aka haifa a keji bai taɓa ganin kyanwa ba, amma hancinsa ya san ta. Wannan kuwa abu ne da ni kaina nake koya wa 'yan aji ɗaya. Wato wata da watanni ina manna wa kowane ɓera warin abokin gabarsa a hanci, ina zagin mai allura. Dogo ma ƙasa ya kalla, kamar shi aka kama. Yaya, da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Ban jira an tashi taro ba, na ɗauki mota na nufi gida da rana tsaka, lokacin da ban taɓa komawa ba. Ina buɗe ƙofa na ga takalman makarantar Rediyo. Ɗakin da na ba ta, da can nan nake guga da ajiye wanki, kuma har ranar ban kwashe kwandon kayana daga ciki ba, kullum gobe. Na tura ƙofar. Tana zaune a ƙasa da kayan makaranta a jikinta, tagar baya a buɗe, ga wata jar kyanwa ramammiya, kunne ɗaya a yage, ta naɗe cikin kwandon a kan rigunan sanyina. Abin da ya tsaya mini a rai yanzu shi ne kafin in tura ƙofar na ji murya. Rediyo ce take zuba surutu irin wanda ya sa muka laƙaba mata sunan, surutun da tunda ta zo gidana ban ji ba, ban kuma lura ban ji ba. A lokacin kuwa ba abin da nake ji sai tafasar zuciyata. Ban tambaye ta me take yi a gida ana tsakiyar darasi ba. Kyanwar kawai nake gani, da idanun mutanen taro.

Na faɗa mata maganganu. Na ce ta ɓata aikin watanni, ta kunyata ni a gaban na ƙasa da ni, na ce na ɗauke ta na ba ta ɗaki ita kaɗai, ga sakayyar da zan samu. Wannan ta ƙarshen ita ce in na tuna har yanzu nake rufe fuska ko ni kaɗai ce. Na kifa wa kyanwar kwali na ɗaure, hannun da ya saba kama dabba ba ta kuɓuce masa, ta yage ni a yatsa ban ko ji ba. Rediyo ba ta yi kuka ba, ba ta riƙe ni ba. Abin da kawai ta ce shi ne don Allah Anti in bari ta ba ta abinci tukuna, ba ta ci komai ba tun safe. Na ce ta ci a inda za ta. Na tuƙa har bayan babbar kasuwa, can wajen masu kifi, na zazzage ta kusa da juji, na ce wa kaina ai gata na yi mata, ga abinci ko'ina.

Daga ranar gidana ya koma kamar wurin jiran likita. Tana gaishe ni, tana wanke kwanonta, in na yi tambaya ta ce e ko a'a. Ni kuma girman kai ya riƙe mini wuya, ina cewa fushin yara ne, zai wuce. Ana haka malamar ajinsu ta kira ni ta ce tana son ganina ni kaɗai. Matashiya ce, ban girme ta da kaɗan ba, kuma ladabin da ta yi mini ya fi zagi ciwo. Ta tambaye ni ko na san Rediyo takan fita lokacin tara ba ta dawowa. Na ce ban sani ba. Ta tambaye ni ko na tuna ranar da makaranta ta gayyaci iyaye su yi wa yara bayanin sana'o'insu. Na tuna sarai. Rediyo ta ce mini ba sai na je ba, ai ba dole ba ne, ta maimaita, ni kuma na ɗauka kawaici ne. Na je da manyan hotuna, ga ni rungume da ɓera ina murmushi, na kuma nuna ta da yatsa a gaban aji na ce ga ɗiyata nan, wata rana ita za ta gaje ni. Na dawo gida ina jin na burge duniya.

Malamar ta ce tun daga ranar sunanta ya koma Jaba. In za ta wuce sai su toshe hanci, wasu su riƙa tsuwwa ƙasa-ƙasa. A makarantar kowane mako ake sake raba yara rukuni-rukuni don kowa ya saba da kowa, to duk rukunin da ta faɗa sai su ja kujerunsu baya su bar mata fili. Har tarkon ɓera aka taɓa sa mata a jaka. Malamar ta hukunta waɗanda ta kama, abin bai mutu ba, ya dai koma inda idon malami ba ya kaiwa. Ni ina ta ihun ta shafa mini warin kyanwa, ashe ni na fara shafa mata nawa. Sannan malamar ta faɗi dalilin kiran. Wai Rediyo ta same ta bayan an tashi, ta roƙe ta ta taya ta yi mini magana in mai da ita gidan Kawunta Makaniki. Yaya, gidan da take kwana a ƙasa tsakanin yara, ba teburin karatu, ba wurin rataye riga, shi ta zaɓa a kan ɗakin da na yi mata gori da shi.

Ban ce mutum ɓera ne ba, in ɗalibi ya rubuta mini haka sai na ja masa jan biro. Amma na zauna cikin mota a ƙofar makarantar na kasa tayar da ita. Daga gidanki zuwa na Inna, daga na Inna zuwa na Makaniki, daga can zuwa nawa, ga sabuwar makaranta, ga sabon rukuni mai toshe hanci kowane mako. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya hana ta abinci, shi ya sa dukanmu muka ce tana lafiya. Ita da kanta ta nemo wa kanta abu guda mai rai da za ta riƙa tararwa kullum a wuri ɗaya, ni kuma da nake cin abinci da sanin amfanin wannan, na sa shi a kwali na kai juji. Da jahilci ne da na samu abin fakewa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na Dogo da na yarinya.

Na fara da mai sauƙin. A taro na gaba na miƙe na ba Dogo haƙuri, na sa aka kira har masu sharar da na ci mutuncinsa a gabansu. Ya ce ba komai, Malama, kowa yana kuskure, wannan kuma ya ƙara mini nauyi, don zubin nan ya tafi ke nan, sai ya sake daga farko, abokan karatunsa za su gama su bar shi. Sannan na shiga ofishin shugaba na ce a cire ni daga ɗakin ɓeraye, a mai da ni ɗakin na'ura inda ake auna jinin da aka riga aka ɗiba. Ya ce me ya yi zafi, tunda kyanwar ta tafi ai sai in kiyaye doka kawai. Na ce masa niyyata in dawo da ita gidan. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce ko da haka ne zan iya wanka in sake kaya kafin in shiga. Na ce bayan abin da ya faru, duk sakamakon da ya karkace kafaɗata za a fara dubawa, kuma ba zan sa digirin Dogo a caca karo na biyu ba. Shekaru na yi ina gina ɗakin nan, na san ƙarar kowace fanka a cikinsa. Da na miƙa makullin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba.

Sai neman kyanwa. Kullum in na tashi aiki sai bayan kasuwa, da gwangwanin kifi a jaka. Masu kifi har sun san ni, da sun hango ni sai su ce ga uwar kyanwa ta iso. Wani ya kawo mini baƙa, wani ya kawo mini mai ciki, wai ai duk kyanwa kyanwa ce. Ki kwatanta ni, da takalmin ofis, ina durƙuso cikin ɓawon kifi ina leƙen ƙarƙashin tebur, ana dariya. Ban ji haushi ba, na ga ya yi mini daidai. Daga baya wata mai wanke kifi ta ce tana ganin wata ja mai yagaggen kunne a inda aka jibge tsofaffin tebura, amma ba ta yarda da kowa. Na je na gan ta daga nesa. Tana hango ni ta ɓace, a nan na gane ba ni zan dawo da ita ba.

Na sami Rediyo a ɗakinta tana goge kayan makaranta. Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa, na ce na je wurin malamarta, na ji komai. Na ba ta haƙuri a kan kyanwar, da ranar hotuna, da gorin ɗaki. Ban iya ba yaro haƙuri ba, Yaya, ba a koya mana ba, maganar tana fita a karkace. Ba ta ɗago ba, dutsen guga kawai ke kai da kawowa. Da na ce na san inda kyanwar take, sai dutsen ya tsaya.

Washegari ba makaranta, muka tafi da safe. Ta shige gaba tsakanin teburan nan, ina biye da gwangwani. Ta tsuguna ta fara kira a hankali, kuma ba mus-mus take cewa ba irin na kowa. Sunan nan take kira da ke kaɗai kike ce mata ita Rediyon in kina taje mata kai, 'Yar Gwal. Da muryarki ma take faɗa, har da yadda kike jan ƙarshen. Na juya na kalli bango don kada masu kifi su ga fuskata. Can sai ga kai ya leƙo daga ƙarƙashin katako, ta gan ni, ta koma. Rediyo ta waiwayo ta dube ni ido cikin ido, karo na farko tun ranar kwalin, ta ce Anti in koma mota in jira, tsorona take ji. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, gaskiya ce kawai ta faɗa. Na ajiye gwangwanin a ƙasa na koma. Na zauna ina kallonta ta madubi, rana ta yi sama, ƙudaje sun cika motar, ita ko motsi ba ta yi ba. Da ta taso, kyanwar tana ƙirjinta, ta ƙara ramewa, duk jikinta ƙarni. Ba ta shiga gaba kusa da ni ba, baya ta buɗe. Na tuƙo mu gida kamar mai ɗauke da ƙwai.

Yanzu kyanwar tana ɗakinta. Likitar dabbobinmu da kanta ta zo ta duba ta, ta yi mata allura, ba ta ce mini komai ba sai sannu. Na kwashe kwandona da teburin guga na kai ɗakina, inda ya kamata su kasance tun ranar da yarinyar ta zo. In kyanwar ta ji takuna sai ta shige ƙarƙashin gado, don haka ba na shiga sai na yi sallama an amsa. Maganar makaranta kuma, wannan karon na tambaye ta kafin in yi komai. Ta ce kada in sake taka makarantar, ko da faɗa zan je in yi mata. Na ji, na bi. Ta waya muka yi magana da malamar, ta ce za ta bar ta a rukuni ɗaya da wasu yara biyu masu hankali har ƙarshen zango, ba za a ƙara juya ta ba. Tsokanar ba ta ƙare ba, amma ta daina gudowa gida.

Roƙona gare ki, kada ki yi mata faɗan gudun darasi, wannan a wuyana yake. Ki kuma tsayar mata da rana guda da za ki riƙa kiranta, ko gajeren kira ne, ta san yana nan ba ya gocewa. Na san aikinku ba shi da tsari, amma ki gwada. Ni kuwa duk abin da za ki faɗa mini ki faɗa, kada ki rage, na fi son faɗanki da shirunki.

Saura maganar komawa gidan Makaniki, wadda na fi jin tsoro. Jiya da yamma na tattara ƙarfin hali na tambaye ta, na ce in har yanzu tana so ni da kaina zan kai ta, ba zan riƙe ta a zuciya ba. Ta shafa kyanwar, sannan ta ce za ta zauna, don matar Kawu ba ta son kyanwa, yaran kuma za su riƙa ja mata wutsiya. Ta ce bai kamata a sake canza wa kyanwar gida ba, ta sha wahala. Na tsaya ina jira ko akwai saura, ko kalma ɗaya da ta shafe ni. Babu. Don kyanwa ta zauna, Yaya, ba don ni ba, kuma na karɓa hannu biyu, na ce mata na gode.

Ki gaishe mini da Baban Rediyo da kyau, ki karanta masa abin da kika ga zai iya ɗauka. Ki shafa mini kan Auta. Ki miƙa gaisuwata ga Gwaggo Ƙarama da maigidanta in kun haɗu, da maƙwabciyar nan taki mai riƙe miki Auta. Inna da Makaniki da iyalinsa duk suna gaisuwa. Allah Ya tsare ku, Ya fito da takardun yarinyar nan, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum, mai neman afuwarki,
Ƙanwarki.